Idan mai tausa ya saɓa ƙa'ida a Ontariyo: yadda ake kai ƙorafi, da yadda ake yanke hukunci

A gida, in mai tausa ko maɗori ya yi maka ba daidai ba, iyakaci ka ɗauke ƙafa daga wurinsa, ka gaya wa 'yan'uwa su kiyaye, in abin ya yi ƙamari a kai magana gaban mai unguwa. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada lamarin ya sha bamban. Can tausa sana'ar kiwon lafiya ce da doka ta ɗaure, kamar aikin likita ko na jinya. Dokoki biyu na shekarar 1991 ne suka kafa ta a kan wannan matsayi: babbar dokar sana'o'in lafiya, da ƙaramar dokar da ta keɓanta da tausa. Hukumar da ke riƙe da ragamar ita ce College of Massage Therapists of Ontario, wadda ake taƙaita sunanta da CMTO, ofishinta yana Toronto. Kada kalmar kwaleji ta ruɗe ka, ba a koyar da kowa a can. Aikinta ba da rajista, kafa ƙa'idoji, da hukunta wanda ya karya su.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata ƙanwata ce da ke aiki a can. Ciwon baya ya matsa mata, ta je tausa sau biyu, wurin ya ce zai karɓi kuɗinsa kai tsaye daga inshorar wurin aikinta. Bayan wata uku ta buɗe manhajar inshorar ta ga an cire kuɗin zuwa bakwai. Ta kira ni tana cewa, "Yaya, ni fa sau biyu na taka wurin nan." Na ce to ki kai ƙorafi mana. Sai ta yi shiru, can ta ce, "A bar shi kawai, kada in toshe wa wani hanyar abinci." Wannan kawaici namu ne, kuma yana da kyau a muhallinsa. Amma rasidan ƙaryar da sunanta aka buga su, in kamfanin inshora ya tashi bincike ita za a fara tambaya.

Da farko, tabbatar mutumin nasu ne

A Ontariyo ba wanda ke da ikon kiran kansa mai tausa mai rajista, ko ya maƙala haruffan RMT bayan sunansa, sai wanda CMTO ta yi wa rajista. Amma doka ba ta hana wani buɗe shagon shaƙatawa yana matsa wa mutane jiki ba, muddin bai ari sunan ba. Saboda haka kafin komai, shiga shafin hukumar na intanet, ka buɗe kundin rajistar da kowa ke iya dubawa, ka rubuta sunan mutumin ko lambar da ke jikin rasidinka. Za ka ga ko rajistarsa na aiki, ko an taɓa dakatar da shi, ko akwai sharaɗi a kansa, ko an taɓa jan kunnensa.

In ba ya cikin kundin, hukumar ba za ta iya ladabtar da shi ba, ko da yake tana bin diddigin masu aron sunan ba bisa ƙa'ida ba, don haka sanar da ita yana da amfani. In kuwa ya taɓa zama ɗan rajista sannan ya ajiye, ajiyewar ba ta fid da shi: hukumar na da hurumi a kan abin da ya aikata lokacin da yake ƙarƙashinta. Wanda yake wani lardin kuma ya binciki yadda abin yake a wurinsa. Biritish Kolombiya, New Brunswick, Newfoundland da Labrador, da Tsibirin Prince Edward duk suna da hukumomi na doka. A Alberta da Kwibek ƙungiyoyin masu sana'ar ne kawai, kuma ƙungiya iyakacin ƙarfinta ta kori mamba.

Rubuta abin da ya faru tun da zafinsa

Nan ne ƙorafi yake tsayuwa ko ya faɗi, kuma nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ranar da abin ya faru, ko washegari, ɗauki takarda ko wayarka ka rubuta: ranar, ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka fito, me ka ce yana damunka, me aka ce za a yi maka, me aka yi. Idan an faɗi wata magana da ta sosa maka rai, rubuta ta da kalmomin da aka faɗe ta, da Turancin, kada ka fassara. Wa ka fara gaya wa, kuma yaushe? Rubuta wannan ma. Bayan shekara ɗaya, lokacin da lauya zai tambaye ka ko fitilar ɗakin a kunne take, wannan takardar ce za ta cece ka.

Tara rasidai, saƙonnin waya, imel na tabbatar da lokacin zuwa, da hoton shafin inshora. Kada ka goge saƙo don ya ɓata maka rai. Sannan kana da haƙƙin neman kwafin fayil ɗinka. Dokar sirrin bayanan lafiya ta lardin, ta shekarar 2004, ta ba ka wannan dama, kuma a ƙa'ida cikin kwana 30 za a amsa maka. Mai tausa wajibi ne ya adana fayil na shekara 10 daga zuwanka na ƙarshe, in kuma yaro ne, shekara 10 daga ranar da ya cika 18.

A cikin fayil ɗin akwai takarda ɗaya da ya kamata ka duba da kyau. Ƙa'idar hukumar ta ware wurare huɗu a jiki da ba a taɓa su sai da amincewa a rubuce: nono, tsokar ƙirji, ɗuwawu, da saman cinya ta ciki. Sai an yi maka bayanin dalili, ka sa hannu, kafin a fara. Al'aura kuwa babu wata takarda da ke halatta taɓa ta. Haka zanin da ake lulluɓa maka yana da ƙa'ida: wurin da ake aiki a kai kaɗai ake buɗewa, kuma kana iya zama da tufafinka in ka so. Kana iya cewa a tsaya a kowane lokaci. Idan an taɓa ɗaya daga wuraren nan huɗu kuma babu sa hannunka a fayil, wannan kaɗai hujja ce mai nauyi.

Zaɓi ƙofar da ta dace

Ba kowace matsala ce ke buƙatar hukuma ba. An makara da kai, an rage maka minti goma, kuɗin ya ɗara abin da aka faɗa: yi wa mai wurin magana, sau da yawa nan take ake gyarawa. Amma rasidin ƙarya, tona sirrin majinyaci, yin aikin da ya fi ƙarfin sana'ar, jin rauni saboda ganganci, ko duk wani abu da ya shafi sha'awa, waɗannan na hukuma ne.

Sai dai ka san abin da hukumar ba ta yi. Ba ta sa a biya ka diyya, kwamitin ƙorafi kuma ba shi da ikon tilasta a mayar maka da kuɗinka. Mai neman kuɗi kotu zai nufa, kuma a Ontariyo yawancin ƙararrakin diyya wa'adin shekara 2 gare su, ban da na cin zarafi ta hanyar lalata, waɗanda ba su da wa'adi. Wani abin da ke ba mutane mamaki: doka ta hana a ɗauki takardun shari'ar hukumar a kafa hujja da su a ƙarar diyya. Idan abin da aka yi maka laifi ne na hukunci, 'yan sanda daban suke, kuma kai ƙara wurinsu bai hana ka kai wa hukumar ba. Ana iya bin hanyoyin gaba ɗaya.

Shigar da ƙorafin

Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, kuma babu wa'adin da ke rufe ƙofa. Sharaɗin shi ne ya zama a rubuce ko a naɗe, kiran waya kawai ba ya zama ƙorafi. Akwai fom a shafin hukumar. Wanda rubutun Turanci ke yi wa wuya yana iya naɗar muryarsa, ko ya sa wani amintacce ya taya shi. Ana kuma iya kiran ma'aikatan a ji yadda tsarin yake kafin a yanke shawara.

Ka shirya wa abu ɗaya: za a ba mai tausar kwafin ƙorafinka da sunanka. Doka ta ce a sanar da shi cikin kwana 14, shi kuma yana da kwana 30 ya ba da amsa a rubuce. Don haka rubuta kamar yana gabanka. Jera abubuwa bi da bi, ka bambanta abin da idonka ya gani da abin da kake zato. Zagi da Allah ya isa ka bar su a zuci, ba sa ƙara wa takarda nauyi.

Ga 'yan'uwa mata musamman, da maza ma, akwai batun kunya. Mu mun saba da sakaya zance, mu ce "ya yi min abin da bai dace ba" mu yi shiru. Mai bincike ba zai iya aiki da wannan ba. Yana buƙatar sanin wane hannu, wane wuri, a kan zani ko a ƙarƙashinsa, na tsawon wane lokaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan furtawa ta yi nauyi, rubuta, ko ki nemi mace ta ɗauki bayaninki, ki kuma zo da wadda za ta zauna kusa da ke.

Kuma da zarar ka shigar, maganar ta bar hannunka. Ko dangi sun sa baki ka ce ka janye, magatakardan hukumar ne zai duba ko janyewar ta dace da maslahar jama'a. In bai ga haka ba, bincike zai ci gaba.

Bincike da kwamitin farko

Ƙorafin zai tafi gaban kwamitin bincike da ƙorafe-ƙorafe, wanda ake kira ICRC. Aƙalla mutum uku ne ke zama a kan kowace magana, kuma dole a samu ɗaya wanda ba ɗan sana'ar ba ne, gwamnatin lardi ce ta naɗa shi ya wakilci jama'a. Ana iya tura mai bincike ya yi hira da kai, ya shiga wurin aikin, ya kwashi fayiloli. Galibi za a nuna maka amsar mai tausar ka ce wani abu a kanta. Karanta ta a natse, domin nan za ka ga inda labarinku ya rabu.

Wannan kwamiti takardu yake karantawa, ba ya kiran shaidu su tsaya gabansa. Yana kuma duba tarihin mutumin a hukumar. Doka ta sa masa kwana 150, amma kada ka ɗora rai a kan wannan adadi, manyan maganganu kan zarce shi nesa ba kusa ba. Abin da doka ta tilasta shi ne a riƙa aiko maka da wasiƙar jinkiri da sabuwar ranar da ake sa rai. Idan kuma kwamitin ya ga barin mutumin yana aiki zai iya cutar da wasu, tun daga gyaran dokar 2017 yana da ikon dakatar da shi ko ɗora masa sharuɗɗa tun bincike bai ƙare ba.

Ƙananan maganganu ana iya kai su teburin sulhu in ɓangarorin biyu sun yarda. Zargin lalata ba ya shiga sulhu ko kaɗan.

A ƙarshe kwamitin zai iya rufe maganar ba tare da wani mataki ba, ko ya ba da shawara, ko ya tilasta wa mutumin wani kwas na gyara, ko ya kira shi gabansa a ja masa kunne. Kada ka raina waɗannan biyun na ƙarshe, domin ana rubuta su a kundin da kowa ke gani, kuma mai ɗaukar aiki yana dubawa. Idan matsalar rashin lafiya ce ko shaye-shaye, akwai wata hanya daban ta duba ko mutumin na iya aiki, wadda ta fi karkata ga magani. Mafi nauyi shi ne a miƙa maganar ga kwamitin ladabtarwa.

In hukuncin bai gamsar da kai ba

Kana da kwana 30 daga samun takardar hukuncin ka nemi bita a wata hukuma mai zaman kanta, HPARB, wadda mambobinta ba ma'aikatan lafiya ba ne. Shi ma mai tausar yana da wannan dama. Tambaya biyu kawai take amsawa: binciken ya wadatar? Hukuncin ya shiga hankali? Saboda haka maimaita labarin daga farko ba zai taimaka ba. Nuna mata shaidar da aka ƙi nema, ko takardar da aka tsallake. Tana iya tabbatar da hukuncin, ko ta mayar wa kwamitin ya sake dubawa. Maganar da aka riga aka miƙa wa kwamitin ladabtarwa ba ta zuwa nan.

Zaman ladabtarwa

Wannan ya fi kama da kotu. Mutum uku zuwa biyar ke zama, aƙalla biyu wakilan jama'a. Lauyan hukumar ne ke gabatar da ƙara, kai shaida ne kawai, ba ka biyan ko sisi, amma kuma lauyan ba naka ba ne. Za ka yi rantsuwa ko alkawarin faɗin gaskiya, lauyan ɗaya ɓangaren ya yi maka tambayoyin ƙwaƙwa. A buɗe ake zaman, sai dai wanda ke ba da shaida a kan lalatar da aka yi masa, in ya nema, wajibi ne a hana buga sunansa. Ma'aunin hujja bai kai na kotun laifi tsauri ba: abin da ake nema shi ne zargin ya rinjayi musunsa. Yawancin shari'o'in ma ba sa kai wa ga jayayya, mai tausar kan amsa laifi, lauyoyin biyu su kawo hukuncin da suka daidaita a kai, kwamitin ya duba.

Hukuncin na iya zama tsawatarwa, sharuɗɗa, dakatarwa na wasu watanni, ko soke rajista. Akwai tara har dalar Kanada 35,000, wadda ke shiga asusun gwamnatin lardi, ana kuma iya ɗora wa mutumin wani kaso na kuɗin shari'ar. Ɗaukaka ƙara sai a kotun lardi da ke duba hukuncin irin waɗannan hukumomi.

A batun lalata doka ta ɗaure hannun kwamitin. Ma'anarta a nan ta fi yadda muke ɗauka faɗi: saduwa, taɓawa ta sha'awa, har da magana ko wasan baki na batsa. Cewa majinyaci ya yarda ba kariya ba ce, kuma mutum na nan a matsayin majinyaci har shekara 1 bayan zuwansa na ƙarshe. Idan aka tabbatar da saduwa, ko taɓa al'aura, dubura, nono ko ɗuwawu da nufin sha'awa, soke rajista dole ne, kuma ba a sauraron neman dawowa sai bayan shekara 5. Hukumar tana da asusun biyan kuɗin ganin mai ba da shawara kan damuwa, har tsawon shekara 5, gwargwadon kuɗin zama 200 na rabin awa da likitan ƙwaƙwalwa. Ba sai an jira hukunci ba, da an shigar da ƙorafi ake iya nema. Tambayi ma'aikatan fom ɗinsa tun ranar farko.

In kai ne mai tausar

Yaranmu sun fara shiga sana'o'in lafiya a can, don haka ga ɗaya gefen. Ranar da ambulan hukumar ya iso, abu na farko kira kamfanin inshorar sana'arka, wanda dama sharaɗin rajista ne, ka tambaya ko tsarinka ya ƙunshi lauya. Nemi wanda ya san dokar sana'o'in lafiya, lauyan da ya yi maka takardun zama ba lallai ya san wannan fage ba.

Kada ka taɓa fayil ɗin. Ko waƙafi kada ka ƙara. Na'ura tana nuna ranar da aka yi gyara, kuma mutumin da ƙorafinsa zai ƙare da shawara kan tsinci kansa gaban kwamitin ladabtarwa saboda ya cike gurbin da ya manta. Kada kuma ka nemi mai ƙorafin. Nan al'adarmu ke iya jefa mutum rami: a gida sai a tura dattijo ko limami ya je ba da haƙuri, a ce a rufa asiri. Can ana iya karanta wannan a matsayin matsa wa shaida lamba, ya zama sabon laifi a kan na farko.

Amsa cikin kwana 30, in lokacin bai isa ba nemi ƙari a rubuce kafin ya cika. Ba mai bincike haɗin kai wajibi ne, ƙin yi laifi ne mai zaman kansa. A cikin amsar bi zargin ɗaya bayan ɗaya, kana jingina da abin da fayil ya nuna. Inda ka yi kuskure faɗa, ka nuna abin da ka canza, domin kwamitin yana auna ko mutum ya gane. Masu ɗora laifi a kan ma'aikacin karɓar baƙi su tuna lambar rajistarsu ce a kan rasidin, su za a tambaya.

Akwai kuma nauyin da ke kanka ko ba kai ake zargi ba. Idan a bakin aiki ka sami dalili mai ƙarfi cewa wani ma'aikacin lafiya mai rajista ya yi lalata da majinyaci, dole ka kai rahoto cikin kwana 30, ko nan take in akwai fargabar zai sake. Ba ka sa sunan majinyacin sai ya yarda a rubuce. Yin shiru don zumunci yana iya jawo tara har dala 50,000.

Ita ƙanwar tawa, daga baya ta zauna ta cike fom ɗin. Ta haɗa da hoton shafin inshorar, da jadawalin aikinta da ya nuna tana ofis a uku daga cikin ranakun da aka ce ta je tausa, sannan ta kira kamfanin inshorar ta sanar da su da bakinta.